Albert Einstein (1879–1955) da Wasiƙar Gargaɗi ta 1939

1.0 Gabatarwa

Shekarar 1939 sananniya ce ga manazarta Hausa, domin a watan Janairunta aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. A cikin wannan wata dai wani masanin fiziks ɗan ƙasar Denmak, Niels Bohr, ya sauka a birnin New York ɗauke da labarin cewa masana a Balin sun tsaga ƙwayar zarrar yuraniyom. Shekara shida bayan haka, lokacin da samarin Arewa da aka ɗiba aikin soja suke Bama da Indiya saboda yaƙin Japan, manoman yankin Funtua da Malumfashi kuma suna noma audugar da Ingila take buƙata, abin da wancan labari ya haifa ne ya faɗa kan Hiroshima da Nagasaki.

Sunan da ya fi kowane maƙalewa ga wannan makami a bakin jama'a shi ne na Albert Einstein, har wasu suna ɗauka shi ya ƙera shi. Bai ƙera ba, ba a ma yarda ya kusanci inda ake ƙerawar ba. Abin da ya yi shi ne sa hannu a wata wasiƙa mai shafi biyu, wadda ta gargaɗi shugaban Amurka cewa Jamus tana iya riga kowa mallakar makamin. Wannan maƙala ta bi rayuwarsa ne don a ga yadda mutumin da ya ƙi jinin aikin soja tun yana yaro ya kai ga wannan sa hannu, da kuma yadda gargaɗin ya kuɓuce masa.

2.0 Tasowarsa

An haifi Einstein ranar 14 ga Maris, 1879, a garin Ulm na kudancin Jamus, cikin gidan Yahudawa waɗanda ba su tsananta riƙon addini ba. Mahaifinsa Hermann da ƙanen mahaifin nasa Jakob suna da masana'antar kayan lantarki a Munich, inda yaron ya tashi. Bai ji daɗin makarantar sakandaren garin ba, saboda tsarinta na hadda da horo irin na barikin soja. Da kasuwancin gidan ya karye a 1894 iyayen suka koma Italiya, shi ma bai daɗe ba ya bar makarantar ya bi su. A farkon 1896, yana ɗan shekara 16, ya ajiye takardar zama ɗan ƙasarsa, abin da ya kuɓutar da shi daga aikin sojan dole. Ya yi shekara biyar ba shi da ƙasa, kafin Siwizalan ta karɓe shi a 1901.

Ya kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Zurich a 1900, amma babu jami'ar da ta ɗauke shi aiki. A 1902 ya sami gurbi a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da ke Bern, yana duba takardun masu neman a amince musu da sababbin na'urori. Daga wannan tebur ne, a 1905, ya fitar da maƙalu huɗu da suka sauya alƙiblar fiziks. Ta ƙarshensu gajeriya ce ƙwarai, kuma ita ta nuna cewa nauyin abu da makamashi fuska biyu ne na abu guda, wato ƙa'idar da ake rubutawa E=mc². Ma'anarta ita ce ɗan mitsitsin abu, in da za a iya mayar da shi makamashi, zai ba da ƙarfin da hankali ba ya ɗauka. A bam ɗin Hiroshima, nauyin da ya rikiɗe ya zama wuta da guguwa bai kai giram ɗaya ba, kimanin ƙwayar gyaɗa ke nan. Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi yadda za a yi wannan rikiɗarwa ba. Shi kansa Einstein, har a 1934, yana ganin neman makamashi daga ƙwayar zarra tamkar harbin tsuntsu ne cikin duhu a ƙasar da tsuntsaye ba su da yawa.

Ya koma Balin a 1914, 'yan watanni kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Oktoba manyan masanan Jamus 93 suka sa hannu a wata sanarwa ta goyon bayan sojojin ƙasar. Wani likita, Georg Nicolai, ya rubuta kishiyarta mai kiran Turai ga zaman lafiya. Mutum huɗu kacal suka amince da ita, Einstein yana cikinsu. Ana tsakiyar yaƙin, a 1915, ya kammala babban ra'insa na dangantaka, wanda ya yi hasashen cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. An gwada hasashen lokacin husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, kuma ɗaya daga cikin wurare biyu da aka ɗauki hotunan shi ne tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Nijeriya. Da aka bayyana sakamakon a Landan a watan Nuwamba, sunansa ya game duniya. Lambar Nobel ta 1921 ta biyo baya. Wannan shahara tana da muhimmanci ga abin da zai zo, domin ita ce jarin da aka zo nema wurinsa a 1939.

3.0 Daga Ƙin Yaƙi zuwa Tsoron Hitila

A shekarun 1920 Einstein ya zama jigo a cikin masu ƙin yaƙi. Ya riƙa kira ga samari su ƙi amsa kiran aikin soja, yana ganin ko kaɗan daga cikinsu suka ƙi, gwamnatoci za su rasa yadda za su yi. Hawan Hitila mulki ranar 30 ga Janairu, 1933, ya same shi a Amurka, kuma bai sake taka ƙasar Jamus ba. An kai samame gidansa na hutu a Caputh, an ƙwace dukiyarsa, shi kuma ya ajiye kujerarsa a Majalisar Masana Kimiyya ta Prussia.

A bazarar wannan shekara, yana zaune a Beljiyam, aka nemi ya sa baki don a saki wasu samari biyu da aka ɗaure saboda ƙin aikin soja. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce zamani ya canza, ƙaramar ƙasa mai maƙwabtaka da Jamus ba ta da mafita sai ta shirya kare kanta. Abokan tafiyarsa na da suka zarge shi da juya baya. Duk mai son fahimtar wasiƙar 1939 sai ya fara daga nan, don a 1933 ne Einstein ya yanke hukuncin cewa akwai sharrin da ya fi yaƙi muni. A watan Oktoba ya isa Princeton, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

4.0 Wasiƙar

A watan Disambar 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da ƙwayoyin niyutron a Balin, suka tarar da sinadarin bariyom a cikin abin da ya rage. Tsohuwar abokiyar aikin Hahn, Lise Meitner, wadda ta gudu zuwa Suwidin saboda asalinta na Yahudawa, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka gano ma'anar abin: cibiyar ƙwayar zarrar ce ta rabe biyu, ta saki makamashi mai yawa. Tambayar da ta rage ita ce ko kowace tsagewa tana fitar da wasu niyutron da za su je su tsaga maƙwabta, abin ya yi ta yaɗuwa kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa. Kafin bazarar 1939 gwaje-gwajen Frédéric Joliot a Faris, da na Enrico Fermi da Leo Szilard a New York, sun nuna haka abin yake.

Szilard ɗan Hungari ne, shi ma ɗan gudun hijira, kuma tun 1933 wannan tunani yake damunsa. Ya san Einstein tun a Balin, har sun taɓa ƙirƙirar wani nau'in firji tare. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ma'adinan yuraniyom na Cakoslobakiya sun faɗa hannun Jamus, mafi kyawun ma'adinin duniya kuma yana Shinkolobwe a lardin Katanga na Kwango, ƙarƙashin mulkin Beljiyam, ƙasar da Jamus za ta iya haɗiyewa cikin 'yan kwanaki. Ya tuna cewa Einstein yana da zumunci da Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam, suna musayar wasiƙu. Saboda haka a tsakiyar watan Yuli shi da Eugene Wigner suka shiga mota suka nemo gidan da Einstein yake hutu a tsibirin Long Island.

Abin lura a nan, manufar farko ba ta shafi ƙera bam a Amurka ba. So ake a hana ma'adinin Afirka isa hannun Hitila. Einstein ya saurare su, ya amsa cewa wannan yiwuwar ba ta taɓa zo masa a rai ba, ya kuma gane haɗarin nan take. Ya ga ya fi dacewa a rubuta wa wani jami'in gwamnatin Beljiyam maimakon sarauniya. Wigner ya ba da shawarar a sanar da ma'aikatar harkokin wajen Amurka tukuna, tun da baƙi ne su a ƙasar. Ana cikin haka Szilard ya haɗu da Alexander Sachs, masanin tattalin arziki mai shiga wurin Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya ce a rubuta wa shugaban kai tsaye, shi zai kai da hannunsa. Szilard ya sake komawa Long Island, wannan karon Edward Teller ne ya tuƙa shi. Einstein ya yi shifta da Jamusanci, Szilard ya tsara rubutun da Ingilishi, ya fitar da doguwa da gajeriya. Doguwar aka aika, ɗauke da kwanan wata 2 ga Agusta, 1939.

Wasiƙar ba ta da zafin harshe. Ta bayyana cewa binciken Fermi da Szilard da Joliot ya nuna ana dab da iya kunna irin waccan tsagewa mai yaɗuwa a cikin tarin yuraniyom, kuma hakan yana iya kai wa ga sabon nau'in bam mai tsananin ƙarfi. Ta yi hasashen cewa ƙila bam ɗin ya fi ƙarfin jirgin sama, amma in aka kai shi tashar jiragen ruwa a cikin jirgi zai iya shafe tashar da kewayenta. Ta nuna cewa ma'adinin Amurka ba shi da kyau, akwai mai kyau a Kanada da Cakoslobakiya, amma tushe mafi muhimmanci shi ne Kwango. Ta nemi a naɗa wanda zai haɗa gwamnati da masanan, a tanadi ma'adini, a kuma tallafa wa bincike. Ta rufe da cewa Jamus ta dakatar da sayar da yuraniyom na ma'adinan da ta ƙwace, kuma ɗan wani babban jami'in harkokin wajenta, von Weizsäcker, yana aiki a cibiyar binciken Balin inda ake maimaita irin waɗannan gwaje-gwaje. Babu inda ta ce a jefa wa wani bam.

Ɓarkewar yaƙi ranar 1 ga Satumba ta jinkirta saƙon. Sai 11 ga Oktoba Sachs ya sami ganin Roosevelt. Shugaban ya kafa kwamitin yuraniyom ƙarƙashin Lyman Briggs, aka ware dala 6,000 don sayen kayan gwaji. Kwamitin ya yi ta jan ƙafa, har Einstein ya sake sa hannu a wasu wasiƙu biyu, a Maris da Afrilun 1940.

5.0 Nauyin Wasiƙar a Ma'aunin Tarihi

Labarin da ya yaɗu shi ne wasiƙar ce ta haifi shirin ƙera bam na Amurka. Jerin abubuwan da suka faru bai goyi bayan wannan ba sosai. Shekara biyu cur bayan wasiƙar, aikin Amurka bai wuce ƙananan gwaje-gwaje ba. Abin da ya motsa shi daga Ingila ya zo. A Maris 1940 Frisch da Rudolf Peierls, a Jami'ar Birmingham, suka lissafa cewa in aka tace nau'in yuraniyom mai lamba 235, 'yan kilo kaɗan sun isa bam, wanda jirgin sama zai ɗauka ba wahala. Kwamitin MAUD na Birtaniya ya tabbatar da haka a Yulin 1941, Roosevelt ya amince da cikakken shiri a watan Oktoba, sojoji suka karɓi ragamarsa a 1942 da sunan shirin Manhattan. Daga dala 6,000 aka kai ga kashe kusan dala biliyan 2. Ma'adinin Kwango kuwa, shugaban kamfanin da ke haƙar sa, Edgar Sengier, ya riga ya tura kimanin tan 1,200 zuwa New York tun 1940, sojojin Amurka suka saye shi a 1942.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce wasiƙar banza ce. Szilard da Wigner da Teller baƙi ne da ba a san su ba a fadar gwamnati, kuma Fermi ya gwada yi wa rundunar sojan ruwa bayani a Maris 1939 bai sami biyan bukata ba. Sunan Einstein ne ya kai maganar teburin shugaban ƙasa, ya sa aka buɗe mata fayil. Ilimin na Szilard ne, sunan na Einstein. Kuma mai ba da aron suna ba shi da iko kan inda za a kai shi.

Hakan ya bayyana da wuri. A 1940, shekarar da ya zama ɗan ƙasar Amurka, hukumar leƙen asirin soja ta ƙi amincewa a sa shi cikin aikin sirri, saboda tarihinsa na ƙin yaƙi da hulɗa da 'yan gurguzu da masu ra'ayin sauyi. Fayil ɗin da hukumar FBI ta tara a kansa ya haura shafi 1,400. A ƙarshen 1941 an kawo masa wata matsalar lissafi da ta shafi tace yuraniyom, ba tare da an gaya masa cikakken abin da ake ciki ba. Aikin yaƙin da aka yarda ya yi shi ne ba rundunar sojan ruwa shawara kan nakiyoyi na yau da kullum, daga 1943.

A ƙarshen 1944 wata tawagar binciken Amurka ta sami takardu a Strasbourg da suka nuna Jamus ba ta ko kusa da bam. Dalilin wasiƙar ya faɗi ke nan. Masani ɗaya, Joseph Rotblat ɗan Folan, ya tattara kayansa ya bar Los Alamos. Sauran suka ci gaba. Szilard, wanda ya fi kowa tura aikin a farko, ya koma neman a tsayar da amfani da makamin. Ya sake zuwa wurin Einstein, wanda ya rubuta wa Roosevelt ranar 25 ga Maris, 1945, yana roƙon ya saurari Szilard, ko da yake dokar sirri ta hana a gaya wa shi mai rubutun abin da za a tattauna. Roosevelt ya mutu ranar 12 ga Afrilu kafin a yi ganawar. Takardar koke da masana 70 suka sa wa hannu a watan Yuli ba ta canza komai ba. An jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, a Nagasaki ranar 9. Kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 140,000 a birni na farko, da 70,000 a na biyu. Einstein yana hutu a Tafkin Saranac lokacin da sakatariyarsa Helen Dukas ta gaya masa abin da rediyo ya sanar.

6.0 Gargaɗi na Biyu

Shekaru goman da suka rage masa ya ƙarar da su yana gargaɗi a kan makamin da ke hannun ƙasarsa. A 1946 ya shugabanci kwamitin gaggawa na masana kimiyyar nukiliya, wanda ya tara kuɗi don wayar da kan jama'a. A Yulin wannan shekara mujallar Time ta buga hotonsa a bangonta, bayansa hayaƙin bam ɗauke da E=mc², kuma wannan hoto ya taimaka wajen dasa kuskuren da har yau ake maimaitawa. A 1947 ya shaida wa mujallar Newsweek cewa da ya san Jamusawa ba za su yi nasara ba, da bai ɗaga ko yatsa ba. A 1954 ya gaya wa Linus Pauling cewa sa hannun nan shi ne babban kuskuren rayuwarsa, amma ya ƙara da cewa akwai uzuri, wato tsoron kada Jamus ta riga. Maganganun biyu ba su yi karo ba. Nadamar sakamako ce, tare da tsayawa kan cewa hukuncin ya dace da abin da aka sani a 1939.

Maganin da ya kawo shi ne hukuma guda ta duniya wadda za ta riƙe makamai, ƙasashe su sallama mata wani ɓangare na ikonsu. Ya rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa kan haka a 1947. Masanan Tarayyar Sobiyet suka mayar masa da martani cewa wannan hanya ce ta shimfiɗa mulkin Amurka, a Amurka kuma aka riƙa yi masa kallon ɗan gurguzu. A nan rauninsa na siyasa ya fito fili, domin bai taɓa nuna yadda ƙasashen da ba su yarda da juna ba za su miƙa wuya ga hukuma ɗaya ba. Amma hasashensa na tseren makamai ya tabbata: Sobiyet ta gwada nata bam a Agustan 1949, Shugaba Truman ya ba da umarnin ƙera bam na haidurojin a Janairun 1950. Makonni kaɗan bayan haka Einstein ya fito a shirin talabijin na Eleanor Roosevelt, ya yi kashedin cewa gurɓata iskar duniya da gubar nukiliya ya shiga sahun abubuwan da ɗan Adam zai iya aikatawa. A waɗannan shekaru ne kuma ya fito fili yana sukar wariyar launin fata, ya yi jawabi a Jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata a 1946, ya kuma nemi tsaya wa W.E.B. Du Bois shaida a kotu a 1951.

Ranar 11 ga Afrilu, 1955, ya sa hannu a sanarwar da Bertrand Russell ya tsara, mai kira ga gwamnatoci su nemi hanyar sasanta rikici ba da yaƙi ba. Mako guda bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, ya mutu a asibitin Princeton sakamakon fashewar babbar jijiyar jini a cikinsa, yana da shekara 76. An bayyana sanarwar a Landan ranar 9 ga Yuli da sa hannun mutum 11, cikinsu har da Rotblat da Hideki Yukawa na Japan. Daga gare ta tarukan Pugwash suka samo asali a 1957.

Maganar gurɓatar iska ta iso ƙasar Hausa shekara biyar bayan mutuwarsa. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, sa'ad da iskar arewa maso gabas take kwaso ƙurar hamada tana zubawa a gonaki da rijiyoyi daga Katsina har Funtua da abin da ya yi kudu, kuma tsoron abin da ƙurar za ta ɗauko ne ya sa shugabannin Nijeriya suka kai kuka ga Birtaniya tun kafin a yi gwajin. Faransa ta sake gwaji a watan Afrilu, ta yi na uku ranar 27 ga Disamba, wata uku bayan samun 'yancin Nijeriya. Ranar 5 ga Janairu, 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar amfani da tashoshin Nijeriya. Shekara goma bayan haka, a 1971, aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, arewacin Jamhuriyar Nijar, ana kai shi Faransa.